Bindigar haske mai faɗin abin da ke cikin ƙarfe

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo, daga Yamai da jihar Tawa, kusan duka a kan na'ura ɗaya suke, wato wadda ke harba hasken leza a jikin ƙarfe ko dutse ta faɗi sinadaran da ke ciki. Mun haɗa su wuri ɗaya, mun ɗan taƙaita wasu tambayoyin.

Tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Tsofaffin ƙarafa nake saye a kasuwar Katako, sanholo da tagulla da inoks. Wani mai saye ya zo da na'ura kamar bindiga, ya ɗora a kan kayana, ta yi ƙas-ƙas, ya raba su kashi uku, kowanne da farashinsa. Mece ce wannan, kuma in yarda da ita? Daga mai sayen ƙarafa, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na'urorin hannu na wannan aiki iri biyu ne, kuma a ido sun yi kama da juna. Wadda ba ta ƙara, ba ta barin tabo, sunanta XRF, da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti take aiki. Wadda ka ji tana ƙas-ƙas, ta bar tabo kamar tsinin allura, ita ce LIBS, leza ce a cikinta.

Ka sha gani in yara suna ƙona wayar kuran don su fitar da jan ƙarfen ciki (aikin da ba mu so, hayaƙin robar nan guba ne), harshen wutar kan yi kore. In aka watsa gishiri ko kanwa a garwashi kuma, sai wutar ta yi rawaya. Dalili shi ne kowane sinadari in ya ji zafi sosai yana fitar da haske mai launin da ya keɓanta da shi. Bunsen da Kirchhoff ne suka tabbatar da haka a Jamus tsakanin 1859 da 1860. An ƙera leza ta farko a 1960, a 1962 aka fara ƙona abu da ita don a karanta haskensa. Motar bincike Curiosity da ta sauka a duniyar Mars a 2012 tana ɗauke da irin wannan na'ura, wadda Amurka da Faransa suka haɗa hannu suka ƙera, tana harbin dutse daga nisan mita 7.

Ta hannun, ga abin da take yi. Lezar tana sakin haske a dunƙule, harbi ɗaya ba ya wuce ƴan nanosakan, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Ƙarfin harbin kaɗan ne, milijul 5 zuwa 6 a masu ƙarfin cikinsu, ko ɗigon ruwa ba zai ɗumama ba. Amma an matse shi cikin ɗan lokacin nan, gilashi kuma ya tattara shi a wurin da bai fi kaurin silin gashi ba. Sai wurin ya narke, ya zama tururi, tururin ya zama tartsatsi mai zafin da ya kai digiri 10,000, alhali fuskar rana ma wajen 5,500 take. Ƙarar da ka ji fashewar wannan tartsatsin ce. Da farko haskensa fari ne fat, ba a karanta komai a ciki, don haka na'urar takan dakata kamar kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa har ya ɗan huce. Sannan hasken ya shiga wani sashe da za mu kira matsefin haske, ya tsefe shi launi-launi kamar bakan gizo. Kowane sinadari da layinsa, ana auna su da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita: sodiyam na gishiri a 589, jan ƙarfe a 324.7 da 327.4, sanholo a 394.4 da 396.2, silikon a 288.2. Inda layi ya fito ke faɗin wane sinadari ne, tsayinsa kuma ke faɗin yawansa.

Raba kayan da ya yi yana da tushe. Sanholon taga da ƙofa magniziyam da silikon ɗinsa ba su kai kashi 1 cikin ɗari kowanne ba. Fistin na mota yana da silikon wajen kashi 12. Murfin gwangwanin lemo yana da magniziyam kashi 4 zuwa 5. Masu narkawa ba sa biyan su kuɗi ɗaya. Haka inoks: mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, mai lamba 316 an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3, mai lamba 201 kuwa an rage masa nikel an cika da manganis, ya fi arha nesa, kuma mayen ƙarfe ba zai raba maka su ba.

Ka yarda da ita, amma da sharaɗi, domin ɗigon da ta ƙona kawai take ba da labarinsa. In ta faɗa kan fenti, fenti ta karanta. In kan tsatsa ko baƙin mai ne, su ta karanta. Ka sa a kankare wurin har ya yi ƙyalli, a harba a wuri uku daban-daban a jikin guntu ɗaya, kuma ka dubi lambobin kashi, kada ka tsaya ga sunan da ta rubuta a sama. Sunan daga jerin da aka zuba mata take zaɓo shi, in ƙarfenka ba ya cikin jerin sai ta ba ka wanda ya fi kusa. Ka kuma ajiye guntu ɗaya na inoks da ka tabbatar da lambarsa a aljihu, duk wanda ya zo da na'ura ya fara gwadawa a kansa kafin a yi ciniki.

Tambaya: Tukwane nake zubawa da tsohon sanholo. An ce mana tukwanenmu suna da guba. Na'urar nan za ta nuna mini? Daga mai zubin tukwane, Yamai.

Amsa: Sannu da aiki, Malam. Sai mun fara warware wani ruɗani. Mutane da yawa suna kiran tukunyarku tukunyar dalma, amma dalmar da ake tsoro ita ce mai nauyin nan ta cikin batirin mota, wadda ake cewa gubar dalma. Sanholo daban, ita daban. Matsalar ita ce takan shiga narki ta bayan gida: kan batir, ɗaurin tsohon lagireto, guntayen da ake maƙala wa ƙafar mota don daidaita ta, da wasu sanholon da aka ƙera da dalma a ciki don su yi sauƙin yanka. Dalma tana narkewa a digiri 327, sanholo sai 660, saboda haka kafin ka lura ta riga ta bi ruwa. An auna irin waɗannan tukwane a Kamaru an sami dalma tana fita daga cikinsu, kuma abinci mai tsami, irin miyar yakuwa da tumatir da tsamiya, ya fi jawo ta. Yara ƙanana ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa.

Daga kowane narki ka ɗebi kaɗan ka zuba faifai mai faɗin kwabo babba, ya huce, ka goge fuskarsa da zarto mai tsabta wanda ba ka taɓa dalma da shi ba. A harba wuri 8 zuwa 10, ba uku ba, domin dalma ba ta gauraya da sanholo sosai, ƙanƙanan ɗigo take yi a warwatse. Layin dalma yana nanomita 405.8. Amma gaskiyar magana XRF ta fi LIBS ganin dalma, kuma in na'urar hannu ta ce ba ta gani ba, abin da take nufi shi ne ba ta kai yawan da za ta iya gani ba. Wanda ke son sanin abin da ke shiga abinci, ɗakin gwaji zai kai tukunyar, a jiƙa ta da ruwan tsami irin na kal mai ƙarfin kashi 4, a auna ruwan. Tsince kaya kafin su shiga wuta ya fi duk wannan arha.

Ka kuma kula da magniziyam, wanda ke kama da sanholo amma ya fi shi rashin nauyi. In ya kama wuta a murhu farin haske yake yi mai kashe ido, ruwa kuma ƙara masa ƙarfi yake, busasshen rairayi ake rufe shi da shi. Ka kankare wurin ka ɗiga ruwan kal: magniziyam zai yi kumfa, sanholo ba zai yi ba.

Tambaya: Walda nake yi. Wani lokaci ɗinkin yakan tsage bayan ya huce, musamman a tsohon ƙarfen da ban san asalinsa ba. An ce wannan na'ura tana auna kabon. Yaya ake yi? Daga mai walda, Tawa.

Amsa: Maigida, a nan ne LIBS ta fi XRF nesa ba kusa ba. XRF ta hannu ba ta ganin sinadarin da ya fi magniziyam rashin nauyi, kabon kuwa yana cikinsu. Amma ba kowace LIBS ke auna kabon ba, sai mai ɗan tulun iskar argon. Layin kabon da ake amfani da shi a ƙarfe yana 193, iskar oksijin da muke shaƙa kuma tana shanye haske a wannan wurin. Argon ke kore iska daga bakin na'urar kafin harbi, yana kuma ƙara wa tartsatsin haske.

Gyaran wurin shi ne rabin aikin. Ka gurje faɗin babban yatsa da injin gurza har ka wuce tsatsa da ɓawon saman, domin ƙarfen da ya sha wuta a masana'anta samansa yakan rasa kabon, sai ya nuna maka ƙasa da gaskiya. Faifan gurzar ya zama na zirkoniya, mai lamba 60 ko 80. Kada ka yi amfani da baƙar sanfefar nan ta silikon kabayid, ita kanta kabon da silikon ce, za ta shafa wa ƙarfen su. Bayan ka gurje kada ka taɓa da yatsa, kada ka goge da tsumman mai, maiƙon hannu ma kabon ne. Bakin na'urar ya zauna daram, ba gefe a ɗage, in ba haka ba argon ya tsere. Ka auna sau uku zuwa biyar ka ɗauki matsakaici, in ɗaya ya yi tsalle nesa da sauran ka sake gurzawa.

Tsagewar da kake gani tana da lissafi. Ka ɗauki kabon, ka ƙara manganis da aka raba 6, ka ƙara jimlar kuromiyam da molibdinam da banadiyam da aka raba 5, ka ƙara jimlar nikel da jan ƙarfe da aka raba 15. Misali ƙarfe mai kabon 0.20, manganis 0.90, kuromiyam 0.10, nikel 0.15, jan ƙarfe 0.15 zai ba ka 0.39, wannan yana karɓar walda lafiya. In kabon ɗin 0.35 ne, sauran na nan yadda suke, ka tashi da 0.54. Duk abin da ya haura 0.45 yana son a ɗumama shi kafin walda, a yi amfani da busasshen ƙarfen walda, a bar shi ya huce a hankali, ba a watsa masa ruwa. Sifirin na mota kabon ɗinsa ya kai 0.5 zuwa 0.6, shi ya sa yake yawan cin amana. Na'urar tana kuma raba inoks 304 da 304L, waɗanda bambancinsu kabon ne kawai, 0.08 da 0.03. Ƙarfen zubi irin na jikin inji kuwa kada ka dogara da ita, kabon ɗinsa a ɓarɓashi yake, harbi ɗaya ya dace da shi, ɗaya ya kuskure.

Tambaya: Ranku ya daɗe. Ni mutumin Tawa ne, ina aikin zinariya a Cibarakatan. Mu shida muke son haɗa kuɗi mu sayi bindigar leza, an ce in ka ɗora ta a kan dutse za ta faɗa maka giram nawa ke cikin tan, har ma tana gano zinariya a ƙarƙashin ƙasa. Mu saya?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ku saya don wannan aikin. Batun ƙarƙashin ƙasa ƙarya ce tsagwaronta: lezar ba ta wuce fatar dutsen da aka manna ta a kai, ramin da take yi bai kai kaurin takarda ba.

Batun giram a tan kuma, yi lissafin tare da mu. Dutse mai giram 10 a tan dutse ne mai kyau. Amma giram 10 a tan yana nufin kashi ɗaya cikin 100,000. Kuma zinariyar ba a shimfiɗe take a jikin dutsen ba, ƙwaya-ƙwaya take, nan ɗaya, can ɗaya. Harbin leza ɗaya abin da yake ci bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba. Ko ka harba sau 1,000, duk abin da ka auna bai cika miligiram ɗaya ba. Kamar a zuba ƙwayar gero goma a cikin buhun rairayi ne, a ba ka allura a ce ka soka ka faɗi yawan geron. Yawanci za ka sami sifiri a dutsen da ke da arziki, wata rana kuma ka dace da ƙwaya ɗaya na'urar ta nuna maka lambar da za ta sa ku sayar da gona ku zuba a rijiyar da ba komai. XRF ma a nan ba ta tsira ba, layukan tutiya da tangistin da arsanik suna hawa kan na zinariya su ruɗe ta.

Awon da masana'antun haƙar zinariya irin ta Samira suke dogara da shi awon wuta ne. Ana ɗaukar giram 30 zuwa 50 na garin dutse, a narka shi da sinadarin dalma a zafin da ya haura digiri 1,000, dalmar ta tattaro zinariyar, sannan a ƙone dalmar a cikin ɗan kasko mai shanye ta, a auna abin da ya rage. Giram 30 ya ninka abin da leza ta ci a harbi dubu fiye da sau 30,000.

Naku aikin shi ne ɗaukar samfuri na gaskiya. Ku sassaƙo dutse a gicciye, daga wannan gefen jijiyar dutsen mai zinariya zuwa wancan, kilo 2 zuwa 3, ba ku tsinci masu ƙyalli kawai ba. Ku shanya, ku farfasa har ya zama ƙasa da milimita 2, ku juya sosai, ku tara shi tsibi ku raba huɗu, ku ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna, ku maimaita har ya rage kamar rabin kilo. Ɗakin gwaji zai niƙa shi ya yi laushin fulawa. Ku raba samfuri ɗaya gida biyu ku ba su lamba daban, ku kuma cusa jaka ɗaya ta dutsen da kuka san ba komai a ciki. In tagwayen suka fito da nisa tsakaninsu, ko dai zinariyarku manyan ƙwayoyi ce, sai ku nemi a yi awon da ake tankaɗewa tukuna, ko kuma aikin ɗakin gwajin da gyara. A Yamai kuna iya tuntuɓar cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta CRGM don sanin inda za ku kai.

Inda leza ke da amfani a wurinku daban ne. Tana raba zinariya da dutsen nan mai ƙyallin rawaya wanda baƙin ƙarfe da farar wuta ne kawai. Tana ganin litiyam a 670.8, abin da XRF ba ta gani sam. Tana kuma nuna dutse mai dalma da yawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Ko da na'ura ko babu, kada a niƙa dutse inda yara ke wasa, kada a shiga gida da kayan aiki a jiki.

Tambaya: Zan sayi awarwaro da sarƙa na auren ɗiyata. In sa a gwada mini da leza? Daga wata uwa, Tawa.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Leza tana barin tabo, kuma harbin farko saman kawai yake karantawa, in tagulla ce aka yi wa ruwan zinariya zai ce zinariya ce. Wanda ya iya aiki yakan harba sau da yawa a wuri ɗaya ta cikin awarwaron, ya ga ko layin zinariya na 267.6 yana raguwa, na jan ƙarfe da tutiya suna tashi. Don sanin karat, XRF ta fi dacewa. Karat 24 zalla ce, 22 kashi 91.6, 21 kashi 87.5, 18 kashi 75.

Akwai kuma awon da za ki sa a yi a gabanki da sikelin maƙeri. A auna awarwaron, a ce giram 30. A ɗora kofin ruwa a sikeli a mai da shi sifiri, a rataya awarwaron da zare ya nutse duka ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba, a karanta. A raba nauyin farko da na biyu. In sikelin ya nuna 1.7, kin sami 17.6, daidai da karat 22. Karat 18 wajen 15.5 yake bayarwa. In ya nuna 3.5, kin sami 8.6, tagulla ce. Awon ba ya aiki a kan abu mai rami a ciki ko mai duwatsu.

Tambaya: Malamai, ɗaliba ce ni a sashen fiziks na Jami'ar Abdou Moumouni. Na karanta cewa LIBS ba ta buƙatar a gyara samfuri, amma kuma na ga ana cewa sakamakonta a kan ƙasa da dutse yana yawo. Wanne ne daidai?

Amsa: Ƴarmu, maganar farko ta masu talla ce. Don sanin ko sinadari yana nan, gyara kaɗan ya isa. Don sanin yawansa, sai an sha wahala.

Abu uku ke sa yawon. Na ɗaya, jikin samfurin kansa yana canza tartsatsin: kalsiyam kashi 1 a cikin rairayi da kalsiyam kashi 1 a cikin laka ba za su ba da tsayin layi ɗaya ba, domin yadda suke shan hasken leza da yawan abin da ke tashi sun bambanta. Saboda haka ma'aunin da aka gina da ƙarfe ba ya aiki a dutse, wanda aka gina da dutsen farar ƙasa irin na Malbaza ba ya aiki a dutsen fosfat. Ki gina naki da samfura 8 zuwa 10 masu irin jikin abin da za ki auna, waɗanda aka san yawan sinadarinsu ta wata hanya, ki ware biyu ko uku da ba su shiga ginin ba don jarrabawa. Na biyu, in sinadari ya yi yawa, gefen tartsatsin da ya fi sanyi yakan shanye hasken da tsakiya ta fitar, sai layin ya daina tsawo, wani lokaci ma kansa ya lotsa. Sodiyam a 589 da kalsiyam a 393.4 sun shahara da wannan. Maganinsa ki koma layi mai rauni na sinadarin. Na uku, ƙarfin leza da nisan gilashi suna ɗan motsi daga harbi zuwa harbi, don haka ki raba tsayin layinki da na wani sinadari da yawansa ba ya canzawa a samfuran.

Ƙasa kuwa sai an busar da ita sarai, danshi yana kashe tartsatsi. A niƙa, a tankaɗe, a matse ta da injin matsa mai nauyin tan 10 ko fiye ta zama ƙwaya mai tauri, in ba haka ba harbin farko zai watsar da garin. Ki yar da harbin farko biyu ko uku na kowane wuri, ki tara aƙalla 50 daga wurare daban-daban. In za ki ba da rahoto yadda masu taki da siminti suke so, fosfaras ana ninka shi da 2.29 ya zama P2O5, kalsiyam da 2.5 ya zama CaCO3.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta manoman albasa tana son sanin ko wannan na'ura za ta faɗa mana takin da gonakinmu ke buƙata. Daga Galmi.

Amsa: Allah ya ba da amfani mai albarka. Ba za ta faɗa ba. Duk fosfaras ɗin da ke cikin ƙasa take gani, har da wanda ke ɗaure a jikin baƙin ƙarfe da saiwa ba ta iya sha, alhali ku wanda albasa za ta samu kuke son sani. Wannan da ruwan magani ake tatso shi a ɗakin gwajin ƙasa irin na cibiyar binciken noma ta INRAN. Naitirojin ma yana ba ta wahala, tunda kashi 78 na iskar da ke bakinta naitirojin ne. Ku haƙo ƙasa daga wuri 15 zuwa 20 a gona ɗaya, zurfin santimita 20, ku gauraya, ku ɗebi rabin kilo ku aika.

Tambaya: Kamfaninmu na gine-gine yana shirin sayen ɗaya. Me za mu duba, kuma tana da haɗari? Daga wani injiniya, Yamai.

Amsa: Injiniya, mu fara da ido. Yawancin na hannu lezar aji 3B ce, wato mai iya lahanta ido, kuma da yawansu suna harbi a nanomita 1064, hasken da ido ba ya gani. Tunda ba ya gani, ba ya ƙiftawa, ƙwayar ido kuma tana tattara hasken a bangonta na ciki ta ƙona shi, tabon ba ya warkewa. Tabarau na walda ko na rana ba sa karewa, sai wanda aka rubuta lambar lezar a jikinsa. Kada a riƙe ƙaramin guntu a tafin hannu a harba, a ajiye shi a tebur. Kada a toshe makullin da ke hana ta harbi in ba a manne take da ƙarfe ba. Kada a yi aiki da ita kusa da man fetur ko tulun gas, tartsatsi ne na gaske.

Sai yanayinmu. A bakinta akwai ɗan gilashi da ƙurar ƙarfen da ta ƙone ke taruwa a kai, a lokacin hazo kuma ƙurar gari ta ƙaru. In ka haska shi da tocila za ka ga wani dishi-dishi mai ruwan toka. Layukan da ke ƙasa da nanomita 250 ne ke fara dusashewa, wato kabon zai fara yi maka ƙarya tun sauran lambobin suna daidai. A goge shi kullum da auduga mai tsinke da alkol mai tsabta, a sayi na canji tun farko. Zafi ma yana gusar da layuka daga wurinsu. Da yawa an ƙera su su yi aiki har digiri 40, watan Afrilu a Yamai kuwa yana wuce haka, saboda haka a yi awo da safe ko a inuwa, in an fito da ita daga ɗaki mai sanyi a ba ta minti 15, a sake daidaita ta da guntun gwajinta. Kada a bar ta ko batirinta a cikin mota a rufe. Argon ya zama zalla, kashi 99.99 ko fiye. Wanda masu walda ke amfani da shi sau da yawa gauraye yake da iskar kabon, zai lalata awon gaba ɗaya.

Kamfanoni irin su SciAps da Rigaku da Hitachi da Thermo suna ƙera su, wasu don sanholo kawai, wasu don kabon, wasu don duwatsu, kuma kowane ma'auni da aka zuba mata kuɗinsa daban. In an ce muku Yuro 25,000, ku ninka da 655.957, ya haura sefa miliyan 16 kafin kuɗin duwan da na jigila. Ku tambayi mai sayarwa a wace ƙasa ake gyara ta, wata nawa take yi kafin ta dawo, da kuma inda za ku riƙa samun argon. Kafin ku biya, ku je da guntaye biyar na rodi da inoks waɗanda ɗakin gwaji ya riga ya auna muku, ku ɓoye takardar sakamakon, ya harba kowanne sau uku a gabanku, sannan ku fito da takardar ku gwama.